Gold Tip Hunter XT: kyauro mai ƙwari, amma a auna kafin a yanke

Kamfanin Gold Tip da aka kafa a jihar Utah ta Amurka ne ke ƙera wannan kyauron na kabon, don bakan zamani mai gargare. Faɗin raminsa inci 0.246 ne, girman da aka fi samun kayan haɗinsa a shagunan kayan harbi, kuma karkatarsa ba ta wuce inci 0.003. Ga maharbin da bai cika wuce yadi 40 ba, wannan miƙewar ta wadatar. Ƙarin kuɗin Hunter Pro, wani kyauron kamfanin mai karkatar 0.001, sai dai ɗan gasa ya biya.

Shawararmu a sayi dozin ɗin da ba a yanke ba. Ana auna kibiya daga cikin tsagar da tsirkiya ke shiga zuwa bakin kyauro, ban da tsini. Shi kuwa tsawon ja da aka rubuta a jikin baka, nisa ne daga tsirkiya zuwa ƙuryar mariƙi idan an ja har ƙarshe, sannan a ƙara inci 1.75. Wato mai jan inci 28, nisansa na zahiri 26.25 ne. Nan mutane ke ruɗewa. Raba faɗin hannuwa a buɗe da 2.5 don gano tsawon ja kimantawa ce kawai, ba a yanka a kanta.

Hanyar da ba ta yaudara: a ɗora cikakken kyauro, maharbi ya ja sai baka ya tsaya, wani ya tsaya daga gefe ya sa alama inci ɗaya gaba da majinginar kibiya. In tsinin farauta mai reza za a ɗaura, a kai alamar gaba da jikin bakan, kada reza ta shigo kusa da yatsu. Kibiyar da ta gaza tana iya zamewa daga majingina lokacin ja, kuma bayan hannun da ke riƙe da baka za ta tarar.

Tsawo da tauri tare ake yanke shawararsu. Lambobin 500, 400, 340 da 300 suna nuna lanƙwasar kyauro idan an rataya masa giram 880 a tsakiya, tsakanin madogarai masu tazarar inci 28. Ƙaramar lamba ta fi tauri. Duk incin da aka rage yana ƙara wa kibiya tauri a harbi, tsini mai nauyi kuma yana sassauta ta. Baka mai ƙarfin ja laba 60 da tsinin giren 100 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna kibiya da shi) yana kan iyaka tsakanin 400 da 340, kuma idan kibiya ta kai inci 29, gara 340. Baka mai gargare ya fi haƙuri da kibiya mai tauri a kan mai laushi.

Nauyi ba matsala. Mai lamba 340 giren 8.9 ne kowane inci, don haka inci 29 da tsini da fikafikai da sauran tarkace zai kai wajen 400, sama da ƙa'idar aƙalla giren 5 ga kowace laba ta ƙarfin baka.

Inda ya gaza: kaurinsa yana kama iska fiye da siraran kyauraye, kuma bututun alminiyam da ake ɗaura tsini a ciki giren 12 ne kacal. Mai son nauyi a gaba sai ya nemi na tagulla, ya sake duba lissafin tauri.

Yankan kansa sai da zarton kibiya mai gudun gaske. Zarton ƙarfe na hannu yana tsattsage zaren kabon, tsagar kuma ba lalle ido ya gan ta ba. A fara yanke biyu, a gwada su ta harbin takarda, wato a harba su ratsa takarda a duba yagar don ganin ko suna tafiya a miƙe, a riƙa ragewa da rubu'in inci in akwai buƙata, kafin a taɓa sauran goman. A daidaita bakin, a goge ƙurar ciki da sifirit kafin a sa gam, in ba haka ba bututun zai maƙale a cikin abin bara.