Sharhi kan manhajar Apple Devices da lambobin kuskuren da ke bayyana wajen maido da iPhone daga kwamfuta

Apple Devices manhaja ce da kamfanin Apple ya tanadar wa masu kwamfutar Windows domin kula da iPhone da iPad, aikin da iTunes ta daɗe tana yi. A kwamfutocin Mac kuwa, tun fitowar macOS Catalina a shekarar 2019 aka mayar da wannan aiki cikin Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac. Na yi amfani da ita ne lokacin da wayata ta tsaya cak a kan tambarin tuffa, ba ta buɗe ba kuma ba ta mutu ba, bayan ma'ajiyarta ta cika tana tsakiyar sabunta tsarinta. Hukuncina a kanta shi ne tana yin aikin da aka gina ta dominsa, kuma kyauta ake samunta, sai dai wanda zai ci moriyarta dole ne ya san cewa yawancin lambobin kuskuren da take nunawa ba mutuwar waya suke sanarwa ba, suna nuni ne ga wata tangarɗa a hanyar da ke tsakanin waya da kwamfuta, ko tsakanin kwamfuta da intanet.

Kafin manhajar ta ga wayar da ta maƙale, sai an shigar da ita yanayin farfaɗowa. A iPhone 8 da duk waɗanda suka biyo bayanta, ana haɗa waya da kwamfuta, a danna maɓallin ƙara sauti a saki nan take, a yi haka ga na rage sauti, sannan a danne maɓallin gefe. Mutane da yawa suna ɗaga yatsa da zarar sun ga tambarin tuffa, alhali ana so a ci gaba da dannewa har sai hoton kwamfuta da kebul ya fito a fuskar wayar. Daga nan manhajar ta ba ni zaɓi biyu, Update da Restore. Na farkon yana ƙoƙarin sake ɗora tsarin ba tare da taɓa hotuna da saƙonni ba, na biyun kuma, wato maido da waya, yana share komai ya bar wayar kamar ranar da aka fitar da ita daga kwali. Wannan tanadi ya burge ni ƙwarai, domin yana ba mutum damar gwada hanya mai sauƙi kafin ya rungumi mai tsanani, ko da yake a wurina sai da aka kai ga ta biyun.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata a sani tun farko. Fayil ɗin iOS, wato tsarin da ke tafiyar da iPhone, yana da nauyin gigabait da dama, kuma idan sauke shi ya wuce minti 15, wayar tana fita daga yanayin farfaɗowa da kanta. Wannan ba lalacewa ba ce. A bar saukewar ta kammala, sannan a sake danna maɓallan nan kamar yadda aka yi da farko. Lambar 1671 ma abin da take nufi ke nan, wato kwamfuta tana kan sauke abin da ake bukata, a jira.

Inda gizo ke saƙa shi ne lambar 4013. An gama saukewa, wani siririn layi ya bayyana a ƙarƙashin tambarin tuffa, ya ɗan matsa gaba kaɗan, sai ya tsaya, fuskar wayar ta yi baƙi, kwamfuta kuma ta ce ba a iya maido da wayar ba. Wannan lamba da 'yan uwanta 9 da 4005 da 4014 suna fitowa ne idan haɗin waya da kwamfuta ya yanke ana tsakiyar aiki, ko kuma kwamfutar ta kasa isar da umarninta ga wayar. Kebul ɗin da nake amfani da shi, wanda ba na asali ba ne, yana caji lafiya lau, shi ya sa da wuya mutum ya zarge shi. Amma caji daban, jigilar bayanai daban. A cikin kebul akwai wayoyin da ke ɗaukar wuta da waɗanda ke ɗaukar bayanai, kuma maido da waya yana bukatar bayanai masu yawa su wuce ba tare da yankewa ko ta daƙiƙa ɗaya ba, abin da kebul mai rauni ba zai jure ba. Da na haska tocila cikin ramin cajin wayar, na tarar da ƙura da zaren aljihu sun dunƙule a can ƙasa har sun hana kan kebul zama daram, sai na ciro su a hankali da siririn tsinke na itace, domin ƙarfe yana iya lalata ƙananan haƙoran da ke ciki. Bayan haka na ɗauko kebul na asali, na cire na'urar rarraba ramukan USB da ke tsakani, na soka shi kai tsaye a jikin kwamfutar. Layin nan ya wuce inda yake tsayawa. Ga masu babbar kwamfutar tebur, ramukan baya sun fi na gaba aminci, saboda suna manne ne da babban allon kwamfutar.

Lambar 3194 kuwa tata matsalar daban ce, kuma na ci karo da ita kafin in gama. Duk lokacin da za a ɗora wa iPhone tsari, sai kwamfuta ta tuntuɓi sabar Apple, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke kan intanet, ta nemi amincewa a kan wannan waya da wannan fayil. Idan wani abu ya tare wannan tuntuɓa, aikin ba ya tafiya. A wurina manhajar kariya daga cutukan kwamfuta ce ta tare hanya, da na dakatar da ita na ɗan lokaci sai komai ya daidaita. A wasu kwamfutocin kuma za a tarar an taɓa rubuta adireshin gs.apple.com a cikin fayil ɗin hosts, inda kwamfuta ke duba adireshin shafukan intanet, abin da ke karkatar da ita zuwa wani wuri, sai an cire wannan layi. Haka nan wanda ya nemi komawa tsohon iOS da aka daina amincewa da shi zai iya ganin wannan lamba, kuma a nan babu dabarar da za ta yi amfani.

Abin da zan so a ƙara wa manhajar shi ne ɗan bayani a gefen kowace lamba. Ma'anonin suna nan a shafin tallafi na kamfanin, an rarraba su rukuni-rukuni, amma mutumin da wayarsa ɗaya tilo ke kwance a gabansa, hankalinsa a tashe, zai fi samun natsuwa idan allon ya ce masa ya sauya kebul ko ya duba intanet. Wannan tashin hankali ne wasu manhajoji na waje suke cin kasuwa da shi, suna alkawarin gyara kowane kuskure da danna maɓalli ɗaya. Na duba ɗaya daga cikinsu, na ga fayil ɗin tsarin nan dai take saukewa, amincewar sabar nan dai take jira, sannan ta nemi kuɗi a matakin ƙarshe. Babu manhajar da za ta gyara kebul ɗin da ya tsinke a ciki. Haka kuma idan 4013 ta ci gaba da fitowa bayan an sauya kebul, an sauya rami, an gwada wata kwamfutar, to akwai yiwuwar matsalar tana cikin kayan wayar ne, sai a kai ta wurin ƙwararren mai gyara maimakon a yi ta maimaita abu ɗaya.

Bayan an ɗora tsari, saura dawo da bayanai, kuma a nan manhajar ta fi gamsar da ni. Wayar ta fara neman kalmar sirrin asusun Apple, saboda makullin hana sata da aka shigo da shi tare da iOS 7 a shekarar 2013 ba ya gogewa ko da an share waya, don haka kada kowa ya fara wannan aiki bai tabbatar yana tuna kalmarsa ba. Kwafin ajiyar bayanan wayata da na ɗauka a kwamfuta tun kafin ta maƙale mai kulle ne, wato wanda aka sa wa kalmar sirri, shi ne kuma irin da ke riƙe kalmomin sirrin da aka adana, da saitunan Wi-Fi, da bayanan lafiya, da tarihin kira. Wanda ya manta kalmar wannan kwafi ba shi da hanyar buɗe shi. Kwafin da aka ɗauka daga sabon iOS kuma ba ya sauka a kan wayar da ke ɗauke da tsoho, sai an sabunta ta tukuna.

Hotuna da saƙonni sun dawo yadda suke a ranar da aka ɗauki kwafin, har da jerin manhajoji a fuskar waya. Su manhajojin kansu daga intanet suke sake sauka, saboda haka a bar wayar a kan Wi-Fi da caji har su gama. Saitin Face ID ba ya shiga kwafin ajiya, sai da na sake nuna wa wayar fuskata, manhajojin banki kuma kowacce ta nemi in sake tabbatar mata da cewa ni ne.