Soyayya a Yammacin Amurka na da: wane littafi ya kamata ku fara saya?

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wata ƙanwata da muke zumuntar mata tare ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya, littattafan nan masu hoton mace da doguwar riga a gaban keken shanu, wanne zan fara da shi?" Na ce mata wannan ba maganar tsaye ba ce. Bangonsu kusan iri ɗaya ne, amma abin da ke ciki ya sha bamban, kuma littafin Turanci a yau ba ya sayuwa da kuɗi kaɗan.

Duk labaran nan, ƙagaggun labaran soyayya na Kirista, zamani ɗaya suke kewayawa, daga wajen 1840 zuwa 1890, lokacin da Turawa ke kwarara zuwa yammacin Amurka neman ƙasar noma da zinariya. A 1862 gwamnati ta yi dokar da ta ba mutum eka 160 idan ya zauna a wurin ya noma ta shekara biyar. Mutane suka ɗora komatsansu a keken shanu mai rumfa, suka yi watanni a hanya. Maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, har ta kai ana neman aure ta wasiƙa. Likita ya yi nisa, fasto kuwa a kan doki yake zagaya ƙauyuka, sai a yi makonni ba a gan shi ba. Daga nan marubutan ke ɗebo zawarawa, marayu, da auren da larura ta ƙulla kafin zuciya ta amince.

Idan ba ku taɓa karanta ko ɗaya ba, ku fara da Love Comes Softly na Janette Oke, wanda kamfanin Bethany House ya buga a 1979. Shi ne ya buɗe wa sauran hanya. Marty yarinya ce 'yar shekara 19, ga juna biyu, mijinta ya rasu suna isa yamma, hunturu kuma ya ƙarato. A ranar jana'iza wani magidanci mai suna Clark Davis, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya, ya yi mata tayin aure: ta riƙe masa 'ya, shi kuma ya ba ta matsuguni. Abin da ya sa nake son littafin shi ne Clark ba ya yi mata wa'azi. Yana karanta Littafi Mai Tsarki da safe, yana addu'a kafin cin abinci, yana haƙuri da fushinta da rashin iya girkinta, ita kuma tana kallo tana auna shi. Bangaskiyar ta shige ta sannu a hankali kamar yadda yayyafi ke jiƙa ƙasa. Littafin bai kai shafi 250 ba, kuma babu abin da zai sa uwa ta ɓoye shi wa 'yarta. Matsalarsa ɗaya ce ga mu da Turanci ba harshenmu ba ne: marubuciyar ta rubuta hirar mutanen da karin harshen ƙauye, tana guntule kalmomi, sai an yi shafi ashirin ko talatin kafin ido ya saba. Ba ta kuma damu da ambaton shekara ko sunan gari ba, don haka mai neman tarihi ba zai ƙoshi ba. Jerin littafi takwas ne. Ku sayi na farko kaɗai tukuna.

A lura, ɗaya sanannen littafin nata, When Calls the Heart na 1983, a yammacin Kanada labarinsa yake, a farkon ƙarni na 20. Yana da daɗi, amma ba shi ne wannan fagen ba.

Redeeming Love na Francine Rivers kuwa wani abu ne daban, kuma a kansa na fi jan kunnen ƙanwata. Labarin Annabi Yusha'u na Littafi Mai Tsarki da matarsa Gomer, wadda ta ci amanarsa amma ya dawo da ita, ne aka ɗauko aka dasa shi a Kalifoniya a 1850, a tsakiyar rububin zinariya. Jarumar, Angel, an sayar da ita ga karuwanci tun tana ƙaramar yarinya. Michael Hosea manomi ne da ya ji Allah ya ce masa ya aure ta. Tana gudu, yana bin ta, tana sake gudu. Littafin ya haura shafi 400, kuma akwai wuraren da sai an ajiye shi an numfasa. Ban karanta wani littafi a wannan fage da ya nuna abin da kunya ke yi wa zuciyar mutum kamar wannan ba, yadda mace za ta ƙi alheri don ta yarda ba ta cancance shi ba. Amma ba na yara ba ne. Akwai cin zarafin ƙananan yara a ciki, akwai duka, akwai maganar shimfiɗar aure da ta fi ta sauran littattafan fitowa fili. Wadda ta taɓa shiga irin wannan ƙunci ta yi tunani kafin ta buɗe shi. Akwai kuma masu karatun da ke ganin nacin Michael ya yi yawa, cewa a rayuwa ta zahiri namijin da ya ce Allah ne ya ba shi mace alhali ba ta so abin tsoro ne. Ina ganin suna da gaskiya a wani ɓangare. Misali ne na ƙaunar Allah ga mai zunubi, kuma haka ya kamata a karanta shi.

Ga wani abu da mai sayen gwanjo ya kamata ya sani: littafin bugu biyu ne. Na 1991 kamfanin Bantam ne ya fitar da shi don kasuwar kowa da kowa. A 1997 marubuciyar ta gyara shi, ta rage wasu wurare, ta fito da saƙon tuba sarai, Multnomah ya buga. Ku buɗe shafin farko ku duba shekara da sunan kamfani kafin ku biya.

Wanda ke son ya ji wahalar rayuwar da gaske, ya nemi jerin Red River of the North na Lauraine Snelling, littafi shida, wanda ya fara da An Untamed Land a 1996. Iyalin Bjorklund ne suka baro ƙasar Nowe a 1880 suka sauka a yankin Dakota na Amurka. A nan soyayya tana baya, aiki ne a gaba: fasa sabuwar ƙasa da garma, gina ɗaki da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa don babu itace, guguwar ƙanƙara, rashin 'ya'ya da miji. Jarumar, Ingeborg, ta kai inda ta yi fushi da Allah, kuma marubuciyar ba ta yi saurin sasanta su ba. Duk wanda ya tashi a gidan manoma zai gane mutanen nan. Tafiyarsa a hankali take, sai mai haƙuri.

Sauran na taƙaita su. Karen Witemeyer, da akasarin labaranta a Tekzas suke, da Mary Connealy suna rubuta soyayyar kaboyi mai ban dariya, ta hutun ƙwaƙwalwa bayan aiki. Ƙananan littattafan Love Inspired Historical na kamfanin Harlequin, da tarin gajerun labarai da Barbour ke haɗawa a kundi ɗaya, su ne suka fi araha, ana gama ɗaya a kwana biyu. Sai dai ƙirarsu ɗaya ce, idan kun karanta uku kun san ƙarshen na huɗu, kuma a wasu ayar Littafi Mai Tsarki liƙa ta kawai aka yi.

Akwai abin da ke damuna a kusan dukkansu, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙasar da ake cewa babu kowa a cikinta tana da masu ita. Lakota, Cheyenne da sauran ƙabilun 'yan asalin ƙasar an kore su daga wuraren da jaruman nan ke kafa gonaki, kuma a 1890 sojojin Amurka suka karkashe ɗaruruwan Lakota a Wounded Knee. Haka nan baƙaƙen fata da suka fita daga bauta sun yi ƙaura zuwa Kansas da yawa a 1879, sun kafa garuruwa da majami'u, amma da wuya a gan su a shafukan nan. Idan ina duba sabon littafi, nakan leƙa in ga ko an ba ɗan asalin ƙasar suna da magana, ko kuwa inuwa ce kawai da ke tsorata amarya. Wannan kaɗai ya sha sa ni mayar da littafi kan tebur.

Batun saye kuma, gwanjo ya fi sauƙi ga aljihu, amma jerin littattafai ba sa zuwa a cike, sai ku samu na uku babu na ɗaya. Manhajar Kindle kyauta ce a waya, kuma tana ba da damar sauke farkon littafi ba tare da biyan ko sisi ba, don haka ku gwada Turancin ku ji ko zai shige ku, tun da da dala ake biyan cikakken. Littafin da ake saurara a kunne kuwa, ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba, karin harshen ƙauyen Amurka ya fi wuya a kunne fiye da a takarda. Idan kun ga an rubuta a bango cewa littafin ya ci lambar Christy, wadda ake bayarwa tun 2000 ga ƙagaggun labaran Kirista, alama ce mai kyau cewa rubutun yana da nauyi.

Ƙanwata dai na ara mata nawa na Janette Oke, na ce ta gama shi tukuna. Na Francine Rivers kuwa na ce sai mun samu lokaci mun karanta littafin Yusha'u tare, sura ta ɗaya zuwa ta uku, kafin in miƙa mata shi.