Karatun aikin injin MRI: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka da shekarunka?

Duk lokacin da aka buɗe sayar da fom ɗin JAMB, sai ka ji iyaye da ɗalibai suna tambayar kwas ɗin da zai kai yaro ɗakin MRI, injin nan mai kama da ƙaton bututu da ake zura marar lafiya a ciki don a duba ƙwaƙwalwarsa ko lakarsa ko gwiwarsa. Kafin a kashe ko sisi, a fara fahimtar cewa a jami'o'in Nijeriya ba a karanta MRI shi kaɗai a digirin farko. Rediyogirafi ake karantawa, wato ilimin ɗaukar hoton cikin jiki tun daga eksire har zuwa CT da sikanin ciki, sannan MRI ya zama reshen da mutum ke ƙwarewa a kansa. Mai ɗaukar hoton kuma daban yake da likitan da ke karanta shi ya rubuta rahoto, wanda sai ya gama karatun likita sannan ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa.

Abu biyu kake saya da kuɗin makaranta a wannan fanni. Na farko lasisin hukumar RRBN, wadda aka kafa da doka a 1987 don yi wa masu wannan aiki rajista da tantance makarantunsu. Na biyu awoyin da za ka yi da hannunka a gaban injin da ke aiki. Da waɗannan biyun nake auna kowace hanya.

Babbar hanya ita ce digirin shekara 5. A Arewa akwai shi a Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, kowacce da asibitin koyarwarta. A Kudu akwai Jami'ar Nijeriya reshen Inugu, da Kalaba, da Legas, da Nnamdi Azikiwe. A JAMB za ka rubuta Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a jarrabawar gama sakandare kuma sai da kiredit a waɗannan har da Lissafi. Bayan kammalawa a rantsar da kai, ka yi shekara guda ta horon asibiti, ka yi bautar ƙasa. Shekara 7 ke nan idan ba a samu tsaiko ba, kuma wanda ya ga yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022 ya san tsaiko ba baƙon abu ba ne. Duk da haka, in an kwatanta da fita waje, wannan ce hanyar da ta fi sauƙin kuɗi, ita ce kuma ke kai mutum ga lasisi kai tsaye. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka a ɗaura ɗamarar samun maki mai tsoka. Sabbin jami'o'i masu zaman kansu ma sun fara buɗe sashen. Kafin ka biya, ka tabbatar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC da RRBN duk sun amince da kwas ɗin, domin amincewar ɗaya ba ta wadatar ba.

Raunin digirin shi ne MRI ɗan yanki ne a cikinsa. Ɗalibi na iya kammalawa ya iya eksire kamar yunwar cikinsa, amma bai taɓa tsara hoton ƙwaƙwalwa a MRI da kansa ba, ko don yawan ɗalibai, ko don injin asibitin ya lalace ana jiran injiniya. Shi ya sa nake ba da shawarar ka je asibitin da ƙafarka, ka tambayi 'yan aji huɗu da biyar: injin yana aiki? Mai ƙarfin nawa ne? Ana barin ku ku zauna kan kwamfutar, ko kallo kawai kuke yi daga baya?

Tambayar ƙarfin inji tana da muhimmanci ƙwarai. Da tesila ake auna maganaɗisun. Akwai ƙananan injuna masu 0.2 zuwa 0.5, waɗanda ba su cika buƙatar dawainiya ba, shi ya sa suka yi yawa a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas. Sai masu 1.5 da 3, waɗanda ake sanyaya maganaɗisunsu da ruwan hiliyom mai sanyin da ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. Mai 1.5 ya ninka maganaɗisun duniya wajen sau 30,000. Wanda ya koya a kan ƙaramin inji ya san tushen aiki, amma ranar da aka ɗora shi a kan babba zai tarar da nau'o'in hoto da haɗura waɗanda bai saba da su ba, kuma manyan cibiyoyi da asibitocin waje da babban suke aiki.

Hanya ta biyu ita ce difloma a kwalejojin kiwon lafiya. Ta fi gajarta, ta fi araha, kuma tana samar da aiki na halak a ɗakin eksire. Sai dai mai ita mataimaki ne, ba cikakken rediyogirafa ba. Idan burinka MRI ne, ka ɗauke ta a matsayin wurin tsayawa kafin digiri, kada wani mai talla ya ce maka ita ce ƙarshen tafiya.

Ga wanda ya riga ya samu lasisi, a nan ne zaɓi na gaskiya yake. Hukumar RRBN tana gudanar da kwasa-kwasan ƙarin ƙwarewa bayan digiri, jami'o'i na da digiri na biyu, kamfanonin da ke ƙera injunan irin su Siemens, GE da Philips kuma suna turo masu horarwa idan an kafa sabon inji. A ganina wanda ya fi duka shi ne ka nemi aiki a cibiyar da ke da inji mai 1.5 da babban ma'aikaci mai son koyarwa, ko da albashin bai kai na wani wurin ba, sannan ka ɗora kwas a kai. Takardar za ta buɗe maka ƙofa, amma gane lokacin da za a ƙara wani nau'in hoto saboda an hango alamar shanyewar ɓarin jiki, wannan sai da zama kusa da gwani. Darussan intanet suna da amfani wajen fahimtar yadda haidirojin ɗin ruwan jiki ke amsa maganaɗisu da igiyar rediyo, sai dai ba sa ba da izinin taɓa marar lafiya.

Fita waje ita ce mafi tsada. Sudan ta daɗe tana karɓar ɗalibanmu na fannin lafiya, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse karatun da yawa daga cikinsu. Wasu na tafiya Masar ko Indiya. A Ingila digirin shekara 3 ne, sai rajista da hukumar HCPC. A Amurka ana iya yin karatun shekara 2 a nufi MRI kai tsaye, a rubuta jarrabawar hukumar rajista ta ARRT. Ko ina ka je, idan a gida za ka yi aiki sai RRBN ta duba takardunka, don haka ka nemi matsayinta kan makarantar tun kafin ka canza naira zuwa dala.

Ko wace hanya ka bi, ka lura da yadda wurin ke koyar da kariya, domin maganaɗisun babban inji ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake. A 2001 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a jihar New York bayan injin ya fizgo tukunyar iskar oksijin ta buge shi a ka. A wajenmu tambayoyin da ake yi a bakin ƙofa suna da nasu salo: fil ɗin hijabi da ɗan kunne, layar da ba a san abin da aka ɗinke a cikinta ba, kwallin da kan ɓata hoton ido, mai walda ko maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, wanda harsashi ya maƙale a jikinsa, dattijo mai na'urar bugun zuciya, da mai ciwon ƙoda da ake shirin yi wa allurar gadoliniyom, sinadarin da ke ƙara fito da hoto. Ana buƙatar wanda zai yi waɗannan tambayoyi da Hausa cikin ladabi, ya kuma lallashi tsohuwar da ke tsoron kwanciya rabin awa a cikin ƙarar injin. Mata da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce za ta shirya su, saboda haka iyayen da ke da 'ya mai ƙoƙari a Fiziks su sa rediyogirafi cikin kwasa-kwasan da za su duba mata a fom ɗin bana.