Yayin Kapkek da Makomar Kayan Aikin Hannu a Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, na zauna ne domin in amsa tambayar da kika yi mini game da ɗan ƙaramin kek ɗin nan da ake gasawa a cikin kofin takarda, wanda ake kira kapkek, da kuma inda kasuwar kayan aikin hannu da kayan gida ta dosa a nan Landan.

Shi kapkek tsohon abu ne, domin tun a shekarar 1796 aka rubuta yadda ake gasa kek a ƙananan kofuna a Amurka, amma bai zama abin da ake bin layi dominsa ba sai bayan da aka buɗe shagon Magnolia Bakery a birnin New York a 1996, aka kuma nuna shi a wani shirin talabijin a 2000. A 2004 yayin ya iso nan, lokacin da shagon Hummingbird Bakery ya buɗe a titin Portobello na Landan, sannan a 2012 a can Amurka kamfanin Sprinkles ya kafa na'ura irin ta cire kuɗi, wadda ke miƙo wa mutum kapkek ko da tsakar dare ne. Turawan Ingila suna da nasu tun da daɗewa, ƙarami ne kuma kwalliyar sukarin da ke kansa 'yar kaɗan ce, alhali na Amurka ana tula masa bota da sukari har su kusa kai tsayin kek ɗin kansa. A ganina na Ingila ya fi tafiya da shayi, shi kuwa na Amurka domin ido aka yi shi.

Sai dai kasuwar ba ta ɗore ga kowa ba. Kamfanin Crumbs mai sayar da kapkek a Amurka, wanda ya bunƙasa har ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2011, ya rufe shagunansa a 2014. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk mai murhun gashi da fulawa da ƙwai zai iya yin kapkek, ga kuɗin hayar shago, ga manyan kantuna suna sayar da shi a kwali da araha. Ni kaina na taɓa sayen guda ɗaya a wani shago a kan kusan fam huɗu, washegari na ga kwali guda a babban kanti bai kai haka ba, kuma da na ɗanɗana bambancin bai taka kara ya karya ba.

Abin da yayin ya bari a baya shi ne sha'awar yin abu da hannu. Tun da aka fara gasar gashin kek ta talabijin, Great British Bake Off, a 2010, aka biyo da ta ɗinki a 2013 da ta ginin tukwane a 2015, kantuna irin su Lakeland da Hobbycraft suka cika da gwangwanayen gashi, da kofunan takarda, da zaren saƙa, da yumɓu, da kakin yin kyandir. Zaman kullen korona na 2020 ya ƙara ingiza mutane. Wata maƙwabciyata tana gasa kapkek a ɗakin girkinta idan an ba ta oda ta biki, kuma sai da ta yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin ta fara, jami'in tsafta ya zo ya duba firjinta da wurin wanke hannu, sannan dole ta sanar da mai saye idan akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, kamar gyaɗa da madara da ƙwai.

Game da nan gaba kuwa, alamun da nake gani suna nuna cewa kayan da aka yi wa mutum shi kaɗai, da sunansa ko launin da ya zaɓa, su ne za su ci gaba da tafiya, musamman a shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Etsy, wanda aka kafa a 2005. Haka nan ana komawa ga abin da ke ƙarko: tun Oktoban 2023 aka hana farantai da cokulan roba na amfani sau ɗaya a Ingila, kamfanin kayan ɗaki na IKEA yana sayen tsofaffin kayansa daga hannun mutane, kuma tarukan gyaran kaya kyauta da aka faro a Amsterdam a 2009 sun bazu har unguwarmu.

Akwai kuma algus, domin ba duk abin da aka rubuta wa "aikin hannu" ba ne hannu ya taɓa shi. Saboda haka ne na je kasuwar ƙarshen mako da kaina, na sayo miki kofuna biyu na yumɓu daga hannun matar da ta gina su, kuma idan kika kifa su za ki ga shatar yatsanta a gindinsu. Zan ba wa mai tahowa a ƙarshen wata ya kawo miki.

Ƙanwarki.