Hattara da masu tallan madubin kallon taurari mai "525x"

Jama'a, tallan nan ya sake dawowa Facebook da WhatsApp, har wasu na liƙa masa sunan "na'urar duban jinjirin wata" don su kama kasuwar azumi. Ni ya riga ya ci ni, shi ya sa nake magana.

Babban yarona ne ya ga hoton duniyar Zuhal da zobenta a littafin makaranta, ya hana ni sakat. Ana cikin haka sai ga talla: farin bututu a kan ƙafa uku, kwali ɗauke da hoton Zuhal kamar faifai, an rubuta 525x da manyan baƙaƙe, wai yana girmama abu sau 525. Mai kayan ya ce, "Alhaji, saura uku, kuma wani ya ce in ajiye masa biyu." Na tura kuɗi tun ban ga kaya ba. Bayan kwana huɗu na karɓo a tasha.

Daren farko an ɗauke wuta, sama fes. Muka kafa shi a tsakar gida muka nufi wata. Ƙafafun nan kamar sillen kara, da ka taɓa sai wata ya yi tsalle ya ɓace. Da na ɗora gilasan da za su ba da 525 ɗin, sai wani dishi-dishi kawai, kamar ka leƙa cikin kunu. Yaro ya yi ta cewa, "Baba, ba ni in gani," ni kuwa na rasa me zan nuna masa.

Wani abokina malamin kimiyya ne ya warware mini lissafin. Tsawon hasken bututun, wato nisa daga gilashin gaba zuwa inda haske ke taruwa, milimita 700 ne, na ƙaramin gilashin ido milimita 4. Raba 700 da 4, ka samu 175. Sai su haɗa da wani ɗan bututu da ake kira Barlow mai ninkawa uku, 525 ke nan. A takarda babu ƙarya. Amma ƙarfin madubi yana ga faɗin bakinsa, don shi ke tattara haske, kuma iyakar girman da zai nuna da kyau kusan ninki biyu ne na faɗin a milimita. Nawa 60 ne, wato iyakarsa 120, shi ma a daren da babu hazo. Ya ma haska cikin bututun da tocila ya nuna mini wani zoben roba da aka saka bayan gilashi don ɓoye rashin kyawunsa, ashe ko 60 ɗin ba ta cika ba.

Hoton kwalin kuwa irin na manyan na'urorin sararin samaniya ne, su Hubble da aka harba a 1990, mai madubi faɗin mita 2.4. Masanin taurari Galileo ya ga watannin duniyar Mushtari huɗu a 1610 da abin da ke girmama abu kusan sau 20 kacal. Zoben Zuhal ma yana fitowa a sau 50, sai dai ƙarami ne, tsaf da shi, ba faifai ba. Shi kuwa jinjirin wata fili mai faɗi yake so. A 525 ɗan gutsuren sama kake gani, har ya faɗi ba ka same shi ba.

Da na kira mai kayan ya ce ban iya haɗawa ba. Kira na biyu, ya toshe ni. Shafin yana nan, suna kawai aka sauya.

Duk wanda zai saya, ya fara tambayar faɗin baki. In mai kaya ya kauce ya koma kan "x", a bar masa abinsa. A tambayi ramin gilashin ido: inci 1.25 shi ne na kowa, 0.965 na kayan wasa ne, samun madadinsa wahala. Wasu ma hoton kayan sanannun kamfanoni irin su Celestron ko Sky-Watcher suke ɗorawa su aiko da wani abu dabam, don haka a nemi bidiyon kayan a hannunsa, kuma kada a biya sai an gani. In kuɗi sun isa, samfurin Dobson, mai zama a kan faffaɗan gindi maimakon ƙafa uku, mai faɗin milimita 130 ko 150 ya fi, don gindinsa ba ya rawa. In ba su isa ba, tabarau na hangen nesa mai ido biyu 10x50 (girmamawa sau 10, faɗin baki milimita 50) ya wadatar. Da na abokin nan muka ga ramukan wata da Kaza mai 'ya'ya, taurarinta sun fi ƙirguwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuɗin ba ne. A cikin kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a wajen ido, wai na kallon rana. A nan ne zafin rana ke taruwa, yana iya tsagewa nan take, ido ya tafi har abada. Matatar rana ta gaskiya a bakin gaba ake sa ta. Na tarar da shi a aljihun yaro, yana jiran Asabar ya gwada. Dutse na sa na farfasa shi, na zuba a masai.