Kariyar gobara a tashoshin nukiliyar Amurka: tsohuwar doka ko sabon tsarin NFPA 805?

Tsohon tsarin ya samo asali ne daga gobarar tashar nukiliya ta Browns Ferry ta 1975 a jihar Alabama, inda wani ma'aikaci ya kunna kyandir yana neman inda iska ke yoyo, wuta ta kama, ta lalata wayoyin lantarki sama da 1,600. Bayan haka NRC, hukumar da ke kula da tashoshin nukiliya a Amurka, ta fitar da dokar kariyar gobara mai suna Appendix R a 1980. Umarninta kai tsaye ne: a raba wayoyin da ke kashe injin nukiliya da na madadinsu ta hanyar katangar da za ta jure wuta na awa 3, ko tazarar ƙafa 20 tare da na'urorin ganowa da kashe wuta, ko kuma rufin awa 1 da waɗannan na'urori.

Matsalar ita ce an riga an gina tashoshi da yawa kafin dokar, don haka sai roƙon sassauci ya yi ta kwarara, har aka ba da ɗaruruwa. A 2007 an yarda wa tashar Indian Point 3 ta dogara da rufin da ke jure minti 24 kacal maimakon awa 1 a wani sashe. Wannan kam ya yi yawa.

NFPA 805, sabon tsarin da ƙungiyar kariyar gobara ta Amurka (NFPA) ta rubuta, wanda NRC ta amince da shi a 2004, na ganin dama ne. Tasha za ta lissafa haɗarin kowane ɗaki, ta zuba kuɗi inda ya fi tsanani. Tashar Shearon Harris ce ta fara komawa wannan tsari a 2010. Ya fi dacewa da tsofaffin gine-gine, sai dai akwai tsada, kuma mai sa ido daga waje zai sha wuya kafin ya tantance lissafin, alhali ƙafa 20 kowa na iya aunawa.