Shimfiɗar jarirai mai zanen da ke juyawa: wanki ɗaya ya kashe ta

Shimfiɗar nan da ake ta tallatawa a WhatsApp, wadda ake cewa zanenta na motsi da kansa, na saye ta tun ƴata ba ta yi arba'in ba. Jika 9 na biya, ban da kuɗin mai kabu-kabun da ya kawo mini ita unguwar Bukoki a Yamai. Mai kayan ta ce tun ranar suna jariri zai fara kallonta, wai tana buɗe ido tana buɗe ƙwaƙwalwa. Ba batir, ba waya, yadi ne da soso a ciki, an buga masa da'irori kamar macizai sun naɗe, launi huɗu suna bin juna: baƙi, shuɗi, fari, ruwan ɗorawa.

Da na zare ta daga leda sai da na sa hannu na shafa. Da'irorin na juyawa a hankali. Wadda na ƙura wa ido ta tsaya cak, na gefenta su ci gaba da tafiya. Amma yarinya ko a jikinta. Na rataye mata ita a bango kusa da katifa har wata biyu, fuskata kawai take bi da hasken taga. Raina ya ɓaci, na linke ta na jefa saman akwati.

Sai cikin watan Afrilu, zafin Yamai ya kai inda ya kai, wuta ta ɗauke tun hantsi, ƙurajen zafi sun hana yarinyar sakat. Tana wata bakwai lokacin, ta iya zama. Na rasa abin da zan shimfiɗa mata a inuwar tsakar gida, sai na jawo wannan. Wallahi ina ajiye ta kukan ya tsaya. Ta sunkuya, ta yi shiru, ta ɗaga hannu ta kai wa wata da'ira mari, ta ɗago tafin hannun ta duba ciki, ba komai. Ta juya ga ta gefe ta sake. Kullum ta gefen take kai wa hari, ba wadda ke gabanta ba, daidai yadda nake gani da nawa idon. Ta fi minti 10 tana wannan farauta, ni kuma na tsaya da mafici a hannu na kasa ko kaɗawa.

Surukata ta fito ta ce, “Ke, me yarinyar nan take kamawa?” Na ce, “Inna, zanen ne ke juyawa.” Ta daɗe tana dubawa ta ce ita ba ta ga abin da ke juyawa ba, kuma a ɗauke kada ya lalata wa jikarta ido. Maganar ta tsaya mini, da dare na kira ƙanena da ke karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni.

Ya ce, “Yaya, kwantar da hankalinki.” Ashe irin zanen na wani malamin jami'a ne a Japan, Akiyoshi Kitaoka, ya fitar da shi a 2003. Ƙwaƙwalwa tana saurin karɓar wurin da duhu da haske suka yi nisa da juna, tana ɗan jinkiri a wurin da suka yi kusa, wannan ɗan tazarar lokacin ne take ɗauka a matsayin motsi, kuma duk sanda ido ya yi tsalle abin ya sake tashi. A 2013 shi Kitaoka da wasu abokan aikinsa biyu sun gwada jarirai ƴan wata 6 zuwa 8: a nuna musu zane biyu gefe da gefe, ɗaya launukansa a jeren da ke ruɗin ido, ɗaya an sauya jeren har ya daina, sai jariran suka fi daɗewa a kan mai juyawar. Jariri ba ya magana, da tsawon kallonsa ake gane abin da ya gani. Ya ƙara da cewa tsofaffi da yawa ba sa ganin wannan ruɗin sosai, abin da ya sa Inna ta saki ranta.

To a nan ne ɓacin raina na farko ya dawo. Sabon haihuwa ganinsa dishi-dishi ne, ya fi gane abin da ke kusa kamar santimita 20 zuwa 30, tazarar nono da fuskar uwa, kuma rarrabe inda abu ya nufa sai ya kai wajen wata biyu yake farawa. Ina maganar “tun ranar suna”? Ni na yi wata biyu ina zargin idon ƴata, har na so in kai ta asibiti, saboda maganar mai talla.

Duk da haka da na yafe, don sati ukun nan mun more ta. Amma abin jariri dole a wanke shi, ga tumbiɗi ga ƙura. Ruwan sanyi da sabulu na sa, na shanya a inuwa. Shuɗin ya zuba cikin farin, ɗorawar ta koɗe, baƙin ya koma toka-toka. Da ta bushe na shimfiɗa, ko da'ira ɗaya ba ta motsa ba, tunda duk sirrin a bambancin duhu da hasken yake. Na kira mai kayan, ta ce ai javel na sa, ruwan nan mai cire launi. Ban sa ba. Na tura mata hoto da saƙon murya uku, ta saurara duka, daga ranar ba ta sake ɗaukar kirana ba. Ɗinkin bakin ma ya fara warwarewa, soson na leƙowa, ga yarinya mai kai komai baki.

Yanzu ƴata na zama a kai ba ta ko kallon zanen. Shekaranjiya ƙanena ya zo da irinsa, ya bugo a takarda an rufe da roba, dala 100 ya kashe. Ya ajiye a gabanta, ta sunkuya ta kai wa ta gefe mari.